Sarkin da Ba Ya Mutuwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Rubuta Labaran Almara

Duk lokacin da marubutan labaran almara suka zauna kan maganar gina masarauta a cikin labari, sai an zo kan sarkin nan mai tsananin ƙarfi, aljani ne ko matsafi ko wata halitta, wanda ya shekara ɗaruruwa a kan gado. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa. Yawancin misalan da na kawo na masu mulki na gaske ne da suka daɗe a kan gado, domin su ne mafi kusa da abin da muke ƙagawa.

1. Me ake nufi da cewa sarki marar mutuwa yana sa siyasar ƙasa ta tsaya cik?

Bahaushe ya ce sarki goma zamani goma. Kowane sabon sarki yana zuwa da salonsa, da mutanensa, da abin da yake so da wanda ba ya so. To, idan labarinku ya ba mutum ɗaya gado na shekara dubu, kun bar ƙasar da zamani ɗaya tak. Dokar da ya kafa yana sabon hawa ita ce doka har yau. Gidan da ya yi fushi da shi shekara ɗari huɗu da suka wuce, har yanzu tattaɓa-kunnensu ba sa taka ƙofar fada. Ana haihuwa ana mutuwa, kasuwa na ci, amma maganar wa ke da iko da abin da za a yi da ikon, an rufe ta tun tuni.

Ƙasa tana iya zama lafiya lau, rumbuna cike, hanya ba ɗan fashi, duk da haka ta zama kwantaccen ruwa, ba shiga ba fita.

2. Me ya sa mutuwar mai mulki take da muhimmanci haka a siyasa?

Domin ita ke buɗe gurbi. A al'adar Kano, idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki huɗu ne ke zama: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A 'yan kwanakin nan kowa a gari yana sake lissafi. Wanda aka mayar saniyar ware yana ganin ƙofa ta buɗe, wanda ya saba cin karensa ba babbaka yana neman inda zai raɓe. Sabon sarki kuma dole ya yi alkawura, ya naɗa wasu, ya yafe wa wasu, don ya zauna da gindinsa.

Akwai wani amfani da ya fi wannan, kuma shi nake so marubuci ya riƙe. Magaji yana iya soke kuskuren wanda ya gada ba tare da ya ji kunya ba, tunda ba shi ya yi ba. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya mutu a watan Maris na 1953. Kafin watan ya ƙare an yi wa fursunoni sama da miliyan ɗaya afuwa, a watan Yuli aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya, a 1956 kuma magajinsa Khrushchev ya tsaya gaban taron jam'iyya ya tona asirin ta'asar da aka yi. Mutanen da suka yi waɗannan gyare-gyare su ne dai waɗanda ke tsaye kusa da Stalin a da. Sun san ɓarnar, bakin faɗa ne babu.

Haka a ƙasar Sin. Kowa a fadar Sarki Qianlong ya san irin dukiyar da na hannun damansa Heshen ke wawura, amma sama da shekara ashirin ba mai iya taɓa shi. Qianlong ya rasu a farkon 1799, cikin kwanaki kaɗan ɗansa ya kama Heshen ya ƙwace dukiyar. A duniyar da sarki ba ya mutuwa, wannan ranar ba ta zuwa.

3. To idan sarkin adali ne mai hikima fa? Ai daɗewarsa alheri ce.

Ni a ganina adalin sarki ya fi azzalumi daɗin rubutawa, ya kuma fi shi haɗari ga ƙasar. Azzalumi yana tara wa kansa maƙiya, maƙiya kuwa suna tunani, suna shiri, suna koyon haɗa kai. Adali yana sa kowa ya miƙe ƙafa. Alƙali ya ga shari'a ta yi wuya, sai ya ce a kai gaban sarki. Majalisa ta taru, ba mai son yin gardama da wanda ya shekara ɗari uku bai yi kuskuren da aka gani ba. Sannu a hankali iya yanke hukunci ya fita daga hannun jama'a, kamar hannun da aka ɗaure shekara guda, ko an kwance ba ya ɗaukar komai.

Sannan adalcinsa na zamanin da ya tashi ne. Ya tsara haraji lokacin da birnin bai wuce unguwa biyar ba, ya raba gonaki lokacin da kogin ke bi ta gabas. Kogi ya sauya hanya, birni ya ninka sau goma, shi kuwa har yanzu yana ganin rabon da ya yi daidai ne, domin ya tuna ranar da ya yi shi da yadda kowa ya yi murna. Yadda wannan tunawa ke zame masa tarko, duba tambaya ta 6.

4. Yaya 'ya'yan sarki da masu jiran gado za su kasance?

Nan ne zuciyar labarin take, kuma nan ne marubuta da yawa ke wucewa da gudu. Fir'auna Ramses na Biyu ya yi shekara 66 yana mulkin Masar. Wanda ya gaje shi, Merneptah, ɗansa ne na goma sha uku, kuma ya hau yana dattijo, domin yayyensa duk sun riga uban tafiya. Louis na 14 na Faransa ya hau a 1643 ya rasu a 1715, shekara 72. Ya binne ɗansa, ya binne jikansa, gadon ya faɗa hannun tattaɓa-kunnensa ɗan shekara 5.

Waɗannan aƙalla sun san ranar za ta zo wa wani. Ku ɗauki Ciroman da aka naɗa yana ɗan shekara ashirin, aka koya masa hawa da shari'a da karɓar baƙi, ya yi furfura yana zama a gefen dama, ya mutu, aka naɗa ɗansa, shi ma haka. Zuwa Ciroma na goma sha biyar sarautar ta zama rawani da alkyabba kawai. Amma burin ɗan Adam ba ya mutuwa don an toshe masa hanya, gefe yake ɓullewa. 'Yan sarki za su koma gasar dawakai, gasar gine-gine, ƙulle-ƙulle a cikin gida kan wa zai zauna kusa da wa ranar hawa. Wasu su bar ƙasar su je su kafa nasu garin a bakin daji. Wasu su fara neman sirrin ran tsohon. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littafi ne guda.

5. Amma hakimai da fadawa suna mutuwa ana naɗa wasu. Wannan bai isa ya kawo sauyi ba?

Fuskoki ne ke sauyawa. Mai naɗin ɗaya ne, ma'auninsa ɗaya ne, kuma kowa ya daɗe da gane irin mutumin da yake so. Iyaye za su tarbiyyantar da 'ya'yansu su zama wannan mutumin. Bayan ƙarni biyu fada ta cika da masu magana iri ɗaya, masu kawo labarin da aka san zai yi wa sarki daɗi. Fari ya cinye gabas, amma kafin maganar ta bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi ta iso zaure, ta koma "damina ta ɗan yi jinkiri, ranka ya daɗe."

Tarayyar Sobiyet ta ɗanɗani wannan a mulkin Brezhnev, daga 1964 zuwa 1982. Ya bar manyan jami'ai a kujerunsu muddin ba su tayar masa da hankali ba, har shugabannin ƙasar suka tsufa tare. Da ya rasu, Andropov ya gaje shi ya yi wata 15 ya rasu, Chernenko ya yi wata 13 ya bi shi. Su kansu 'yan ƙasar daga baya suka sa wa shekarun nan suna zamanin tsayawa wuri ɗaya.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ce daula takan yi zuriya uku, wajen shekara 120. Ta farko ta sha wuya ta kafa, ta biyu ta ga masu kafawa ta ci gajiya, ta uku ta tashi cikin daɗi ta manta yadda aka samu. A fadar sarki marar mutuwa, shi kaɗai ne ɗan zuriyar farko. Duk wanda ke kewaye da shi ɗan ta uku ne, kuma haka za a dawwama.

6. Shi sarkin, wane irin mutum zai zama bayan shekara ɗari biyar?

Kada ku rubuta shi kamar ɗan shekara arba'in da aka ƙara wa sifili. Mutumin da ya binne mata da 'ya'ya da aminai sau ba adadi zai daina ƙulla zumunci da kowa, ko kuma ya riƙa kiran sabon Waziri da sunan kakan kakansa. Duk shawarar da aka kawo, ya taɓa ganin mai kama da ita ta faɗi, don haka amsarsa a shirye take: an gwada. Lokaci ma ba ɗaya ba ne a wurinsa da wurin talaka. Idan ya ce a dakata a gani, yana nufin shekara talatin, manomin da ya kawo kuka kuwa damina ɗaya yake da ita.

Gajiya ma tana nan. Sarki Wanli na daular Ming ta ƙasar Sin ya hau a 1572 ya rasu a 1620. Bayan doguwar taƙaddama da majalisarsa kan ɗan da zai gaje shi, ya daina fitowa zaman fada na fiye da shekara ashirin. Takardu suka taru ba amsa, muƙamai suka zauna ba kowa domin naɗi sai da hatiminsa. Shekara 24 bayan rasuwarsa daular ta faɗi. Sarkin da ba ya mutuwa, ba ya sauka, kuma ya daina sha'awar mulki, ya fi mugu tsayar da ƙasa.

Ku kuma yanke shawara tun farko: ba ya mutuwa ne kawai, ko ba ya tsufa? Girkawan da suna da labarin Tithonus, wanda aka roƙa masa dawwama aka manta ba a roƙa masa ƙuruciya ba, ya yi ta tsufa yana ƙanƙancewa. Sarki irin wannan, fadawa ne za su riƙa mulki da sunansa. Duba tambaya ta 10.

7. Dole ne ilimi da fasaha su ma su tsaya?

Ba dole ba ne, kuma labarin da ya ce shekara dubu ba wanda ya gyara ko bakin garma yana da wuyar gaskatawa. Maƙera da majema da masaƙa za su ci gaba da ƙananan gyare-gyarensu. Abin da sarki zai sa wa ido shi ne duk sabon abu da ke iya raba iko: makamin da zai sa talaka ya kayar da barde, hanyar yaɗa magana da ba ta bi ta fada ba, sana'ar da za ta haifar da attajiran da ba sa bukatar rawani. Ba sai ya hana da doka ba. Ya isa masu cin abinci da tsohuwar hanya su ne ke da kunnensa. Gutenberg ya fara ɗab'i a Jamus wajen 1450, amma sai a 1727 aka ba Ibrahim Muteferrika izinin buɗe maɗaba'ar harafin Larabci a Istanbul, birnin da dubban mutane ke rayuwa da kwafar littafi da hannu.

Don haka ku zaɓi abu biyu ko uku da sarkinku ke tsoro, ku bar sauran su motsa. Ƙasar da ta gwanance a rini da gini da waƙa amma ba a yarda kowa ya zana taswira ba ta fi ƙasar da komai ya mutu kama da gaskiya.

8. Maƙwabtan ƙasar fa, su ma za su tsaya jiransa?

Ba za su tsaya ba. A 1793 Qianlong ya sallami jakadan Ingila, Macartney, da amsar cewa ƙasarsa ba ta bukatar kayan da Turawa ke ƙerawa. Ba a cika shekara 50 ba jiragen yaƙin Ingila suka tilasta wa Sin yarjejeniyar Nanjing a 1842. Idan kuna son masarautarku ta shekara dubu a tsaye, ku ba mai karatu dalilin da ya hana na waje cinye ta: hamada ce ta kewaye ta, ko ƙarfin sarkin shi kaɗai ya fi rundunoni, ko maƙwabtan ma nasu sarakunan ba sa mutuwa, kowa ya san kowa, an yi canjaras.

9. Ta yaya zan nuna wannan a cikin labari ba tare da na tsaya ina yi wa mai karatu lacca ba?

Da ƙananan abubuwa. Yarinya ta tono tulu a tsohon kango, ta sami kuɗi a ciki, ta kai kasuwa, mai koko ta karɓa ta ba ta canji ba tare da ta ɗaga kai ba, domin hoton da ke jiki da nauyinsa duk ɗaya ne da na yau. Mai karatun da ya san ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda malaman tafsiri suka ce tsohon kuɗinsu ne ya tona su bayan shekara 309, zai ji abin a jikinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Ku saurari harshen mutanen ƙasar. Me "ranka ya daɗe" ke nufi a gaban wanda ransa ya riga ya daɗe? Wataƙila ta zama gaisuwar da ake yi da ɗaci, wataƙila an daina ta. Mutane ba za su ce "a zamanin sarki wane" ba, sai su ƙirga shekaru da fari da annoba da gobara. Maroƙi yana kirarin yaƙin da ba wanda ya san inda aka yi shi, da kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba. A fada akwai mai sarautar kula da wata ƙofa da aka toshe shekara ɗari biyu da suka wuce, kullum da safe yana zuwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango, kuma ana ba shi rabonsa na hatsi.

10. Idan ba abin da ke sauyawa, ina labarin zai fito?

Daga mutanen da ke mutuwa. Su ne ke da gaggawa. Uwar da aka yanke wa ɗanta hukunci da dokar da ba wanda ya tuna dalilinta, magatakardan da ya gano littafin haraji ya daina dacewa da ƙasar, dogarin da ya lura watanni shida ke nan bai ji muryar sarki ba sai ta bakin Shamaki.

Muna da tsofaffin misalai a gida. A labarin kafuwar Daura, macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, kuma garin duka ya tsara rayuwarsa a kan haka. Baƙo ne, Bayajidda, wanda bai tashi cikin wannan tsoro ba, ya nemi guga da daddare. Wannan yana nuna wa marubuci irin mutumin da ke iya tsaga bango: wanda bai koyi cewa abin ba ya yiwuwa ba. Alƙur'ani kuma, a Suratu Saba'i aya ta 14, ya ba da labarin rasuwar Annabi Sulaiman (AS), yadda aljanu suka ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi. Darasin ayar shi ne aljanu ba su san gaibu ba. Mai rubutu kuma zai ga yadda kwarjini kaɗai ke iya riƙe jama'a a kan aiki, da yadda ƙaramar halitta da ba wanda ya kula da ita ta bayyana gaskiya.

11. Ni Musulma ce, masu karatuna ma haka. Rubuta sarkin da ba ya mutuwa bai ci karo da aƙida ba?

Hukunci na malamai ne, 'yar'uwa, kuma yana da kyau ki tambaye su. Ta fuskar rubutu, ki raba tsawon rai da dawwama. Alƙur'ani ya ce kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne (Ali Imrana, 185), ya kuma ce Annabi Nuhu (AS) ya zauna cikin mutanensa shekara 950 (Ankabut, 14). Sarkin da ya daɗe ƙwarai, ko wanda ke da'awar ba zai mutu ba jama'a suka yarda, ya ishe ki duk abin da aka faɗa a sama. Siyasa tana tsayawa ne da zarar mutane sun fid da rai da ganin gurbi, ko da ajali na nan tafe.

Ki kuma duba Suratu Ɗaha aya ta 120. Abin da Shaiɗan ya yi wa Annabi Adam (AS) waswasi da shi abu biyu ne a haɗe: bishiyar dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa. Masu karatunki sun riga sun san wannan buri yaudara ce, don haka tun shafin farko za su riƙa jiran ranar da asirin sarkin zai tonu, su kuma tambayi abin da yake biya, ko wanda yake sa wa ya biya, don ya ƙara shekara. Wannan jira riba ce gare ki.

12. Ranar da ya faɗi, me zai biyo baya? In rufe littafin da shagali?

Ina roƙonku kada ku rufe a nan. Ƙasar da ta shekara dubu ba ta yi gadon sarauta ba ta manta yadda ake yi. Sarkin farko da ya haɗe ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya aika mutane teku neman maganin mutuwa, bai tsayar da maganar magaji a bainar jama'a ba. Ya rasu a kan hanya a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Manyan fadawansa suka ɓoye rasuwar, aka ci gaba da kai abinci da takardu keken dokin da gawar ke ciki, aka jera keken kifi a kusa don warin ya rufe wari, har suka gama ƙulla wanda za su ɗora. Cikin shekara huɗu daular ta rushe. Iskandar na Masidoniya ya rasu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ba tare da magaji baligi mai iya riƙe ƙasa ba, janar-janar ɗinsa suka shafe shekaru arba'in suna yaƙi kan rabon ta.

Duk abin da aka danne zai taso lokaci ɗaya: rigimar gonakin tambaya ta 3, zuriyar Ciromomin tambaya ta 4 da kowannensu ke da hujjar gado, maƙwabtan tambaya ta 8 da suka daɗe suna leƙe. Waɗanda suka kayar da shi ma a ƙarƙashinsa suka tashi, ba su san wani salon mulki ba sai nasa, kuma cikinsu za a sami mai cewa a nemo sirrin a ba shi, na ɗan lokaci kawai, har ƙura ta lafa.

Ku rubuta safiyar da ta biyo baya. Masu zaɓen sarki huɗu sun hallara a zaure, sarautar da suka gada kaka da kakanni ba a taɓa amfani da ita ba. Ba wanda ya san wa ke fara magana. An aika a ɗauko tambarin naɗi daga ɗakin ajiya, an tarar fatar ta ruɓe, kuma duk garin ba mai iya ɗaure wani. A waje jama'a sun cika fili, wasu na guɗa, wasu tsofaffi na kuka, mai kula da toshasshiyar ƙofa kuma ya zo da buzunsa a hammata yana tambayar dogari ko yau akwai aiki.